Yadda ake amfani da kalmar Bishop ba tare da kuskure ba

Bishop ta shigo Hausa ta Turanci, amma tushenta Girkanci ne, episkopos, wato mai sa ido a kan jama'a. A cocin Katolika da Angilika, Bishop shi ne ke riƙe da dayosis guda, wato yanki mai coci-coci da yawa, limaman yankin duk suna ƙarƙashinsa, kuma shi ke naɗa sababbi.

Kafin ka rubuta katin gayyata ko sanarwa, fara tambayar ɗarikar mutumin. Nan aka fi yin tuntuɓe a Kaduna. ECWA da Baftis ba su da muƙamin Bishop, nasu Fasto ne ko Rabaran, sai dattawan ikilisiya. Limamin Katolika kuwa Fada ake ce masa, kada ka ɗaga shi zuwa Bishop don girmamawa, ba zai ji daɗi ba.

Sai ka duba girman kujerar. Tun 1959 Kaduna take babbar dayosis a Katolika, shi ya sa mai riƙe da ita Akbishop ne, kamar Matthew Man-Oso Ndagoso. Na Zariya da na Kafanchan Bishop ne. Matthew Hassan Kukah ɗan Kudancin Kaduna ne, amma Bishop na Sakkwato za ka rubuta, domin sunan kujera ake bi, ba garin haihuwa ba.

A rubutu, muƙami ne farko, sai cikakken suna, sai dayosis. Idan ya yi ritaya, muƙamin yana nan, ka ƙara "mai ritaya" kawai.