Yadda za ku kai ƙananan yara gidan tarihin yara na Boston

An kafa wannan gida a Amurka tun 1913, kuma kusan komai a cikinsa na taɓawa ne da wasa.

1. Ku sayi tikiti ta intanet kafin ranar, ku je da safe. Ɗan shekara 2 da rana ta take sai rigima, barci ne ke cinsa.

2. Ku saka wa kowane yaro kayan canji a jaka, har da safa, da leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya. Wajen wasan kumfar sabulu riga takan jiƙe sharkaf har gwiwar hannu, ƙasa kuma ta yi santsi. Saboda haka takalmi mai ƙasan roba ya fi silifas.

3. Da kun shiga, ku ɗauki hoton kowane yaro a waya. In ya ɓace a cikin cunkoso, ma'aikaci zai ga kayan da ke jikinsa nan take. Ku sa masa lambar wayarku a aljihu.

4. Manyan yara su nufi hasumiyar hawa mai tsayin bene uku, babba ɗaya ya tsaya inda yake ganin mafita. 'Yan ƙasa da shekara 3 a kai su PlaySpace, wato sashen wasan ƙananan yara, kada manya su bangaje su.

5. Kada ku dage sai kun zagaye ko'ina. Yaron da ya nutsu wuri ɗaya, ku ƙyale shi.

6. Saura minti 10 ku tafi, ku sanar da su. Fizge yaro ba zato shi ke jawo kuka.