Yadda na daina ɓata ƙafafun gado

Ƙafafun angarib, wato gadon katako mai saƙar igiya, nake yi da itacen bagaruwa a nan Maiwurno ta ƙasar Sudan, amma duk wadda na yanke a gicciye sai bakinta ya ɓantare ta ƙasa. Har biyu na ɓata, ga itace da tsada. Na yi ta zargin zarto.

Baba mai rumfar gefena ya leƙo ya ce, "Yaro, itace kamar tsintsiya yake. In ka bi tsawon jijiyoyinsa, rabewa suke yi. In ka gitta, tsinka su kake, na ƙarshen kuwa sai su yage."

Sai na fara tsaga layin da zan yanka da wuƙa ta ɓangarori huɗu, na ɗaure guntun katako a ƙasa, na ɗauko zarto mai ƙananan haƙora. Ta uku ta fita sumul.