Yadda za ka ceto tsohuwar bindigar gado daga tsatsa idan bututunta ya lalace

Jama'a akwai gidaje da yawa a nan Kebbi da Zamfara da in ka shiga ɗakin tsoho za ka tarar da bindiga rataye ko a ƙasan adaka, wata harba-ka-ruga ce ta kakanni maharba, wata kuma libarba ce irin ta zamanin Turawa da mazan jiya suka bari, su Webley ɗin nan da ake ƙerawa a Birmingham ta Ingila. To matsalar ita ce da an ga bututun ya ci tsatsa ko ya tsage sai a ce a kai wa mai walda ya ɗan taɓa. Don Allah kar a yi. Bututun da ya tsage ko ya kumbura ya gama aikin harbi har abada, abin da ya rage maka shi ne ka tsaida tsatsar ka adana kayan tarihin gidanku, kuma wanga aikin kowa zai iya shi.

Kafin komai ka ɗauka akwai wuta a ciki. Albarushi ba ya mutuwa don ya daɗe, in bai sha ruwa ba zai iya tashi ko bayan shekaru masu yawa, kuma tsofaffin maharba da ɗurinsu suke rataye bindiga. Ka juya bakinta inda ba kowa, ka kori yara, kar ka leƙa da ido kar ka hura da baki. In harba-ka-ruga ce ka samu siririn kara ka zura a hankali har ya tsaya, hannunka a gefe ba saitin baki ba, ka yi shaida, ka zaro ka gwada tsawonsa ta waje, in bai kai gindin bututu ba to akwai abu ciki, ko ɗuri ko ginin zanzaro, kai dai ba ka sani ba. Nan aikinka ya tsaya. Kar ka tona, kar ka kara ta a wuta wai don ta saki. In libarba ce kuma ta ƙi buɗuwa saboda tsatsa, kar ka buga da guduma, wannan aikin masu kula da makamai ne na hukuma.

Sai maganar doka, ita ma gara a sani tun da wuri. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa ake riƙe su, harba-ka-ruga kuwa lasisinta na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma ko gyaran bindiga ba a yi sai da izini. Ga halin da muke ciki na tsaro, ka saka tsohuwar libarba a buhu ka hau mashin daga Gummi za ka Gusau a tare ka a shinge, wa zai tsaya jin labarin kakanka? Ka bar ta a gida, ka fara zuwa wurin mai gari ko hakimi ya haɗa ka da DPO ka yi bayani, su faɗa maka ko za a yi mata takarda ko miƙa ta za ka yi. Ni a ganina in libarba ce miƙawar ta fi kwanciyar hankali, ko a nemi hanyar da za ta shiga gidan tarihi kamar na Kanta da ke Argungu inda ake aje takubba da masu da tsofaffin bindigogin Kabawa.

To me ya sa nace walda ba ta yi? Kumburin bututu yawanci daga toshewa yake zuwa, laka ko tsumma ko harsashin da ya maƙale, sai aka harba a kai, ƙarfin ya rasa hanyar fita ya buɗa ƙarfen daga ciki. Ƙarfen da ya miƙe haka ya riga ya yi rauni, ko ka bubbuge shi ya koma daidai a ido raunin na nan. Walda kuma zafinta na canza taurin ƙarfen da ke kewaye da wurin, ta bar ƙananan ramuka da ba a gani, sai ranar hawan sallah an ɗura mata albarushi a tsakiyar jama'a ta fashe a hannun yaro. Yatsu da idanu ake rasawa a irin wannan, ba wasa ba ne wallahi.

In an tabbatar ba komai a ciki kuma takarda ta yi daidai, ga yadda za ka yi da tsatsar. Ka fara ɗaukarta hoto ta kowane gefe musamman inda aka buga lamba da tambari, su kambun sarauta da 'yan haruffan nan, don su ne ke faɗin inda aka yi ta da zamaninta. Ka share ƙura da busasshen buroshi mai laushi, tsohon buroshin haƙori ma ya isa. Sai ka shafa kananzir a wurin tsatsar ka bar shi ya kwana, da safe ka goge da tsumman auduga, za ka ga jan yana fita. Wanda ya ƙi fita ka ɗiga man keken ɗinki ka bi shi da soson ƙarfe mafi laushi, a hankali kamar mai shafa kan jariri, ka goge ka duba ka sake. Inda tsatsa ta yi ɓawo ka kankare da guntun tagulla ko jan ƙarfe don sun fi ƙarfen bindiga taushi ba za su karce shi ba. Aikin na cin kwanaki, kar ka yi gaggawa.

Jar tsatsa mai gari-gari ita ce mai ci, ita kake yaƙa. Amma wannan launin baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa mai santsi da ƙarfe ya yi saboda tsufa ka bar shi, shi ne kyawunta kuma yana kare ta. Shi ya sa ban yarda da samfefa ba balle injin gurza, mutane na so ta yi ƙyalli sai su cinye lamba da tambari gaba ɗaya, bindiga marar lamba kuma wata rigimar ce da hukuma. Ruwan batir, lemun tsami, ruwan kal, duk a'a, suna cire tsatsa su ci ƙarfen su bar shi fari fat kwana biyu ya sake ja fiye da da. Baƙin mai na mota shi ma datti ne, man gyaɗa da manja kuma daskarewa suke su yi danƙo su yi wari.

Cikin bututun ka ɗaura tsumma mai ɗan mai a kan kara ka bi sau da yawa har ya daina fitowa ja, ragowar hayaƙin albarushi na jan danshi shi ya sa ciki ya fi waje ruɓewa. Tsagewar kuma ka bar ta yadda take, kar ka cike da gam ko dalma ka shafe da fenti, wanda zai gaje ta bayanka ya kamata ya ga tsagar da idonsa. Ka rubuta a takarda cewa wannan ba ta harbi, da sunan mai ita da abin da aka sani na tarihinta, ka ɗaure a jiki.

Katakon ka goge da tsumma mai ɗan danshi ka bari ya bushe a inuwa, kar kananzir ko mai ya jiƙa shi don yana sa shi baƙi ya yi laushi. In ka ga ƙananan huji da gari na zuba to ƙwaro ya shiga, ka raba ta da sauran kayan katako. Daga ƙarshe ka narka kakin zuma kaɗan ka shafa siriri a ƙarfe da katako duka ka murza da tsumma.

Wajen ajiya kar ka bar ta cikin kuben fata, fatar da aka jeme da bagaruwa na riƙe danshi tana cin ƙarfe, leda ma gumi take tarawa. Ka naɗe ta a farin ƙyalle ka sa a akwati mai kwaɗo nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa, inda gara da yara ba za su kai ba. Ka riƙa buɗewa kana dubawa farkon damina da cikin Agusta lokacin da ruwa ya yi yawa, in ka ga ja ya fara ɓullowa ka sake bi da mai, da hunturu kuma katakon za ka duba don bushewa na sa shi tsagewa.