Komawa makaranta da yin ƙaura bayan girma: yadda za ka yanke shawara

Gemu ba ya hana ilimi, wannan kowa ya yarda da shi, sai dai karin maganar ba ta ce komai ba game da kuɗin haya, da makarantar yara, da albashin da zai yanke tun daga watan da mutum ya ajiye aiki. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara goma sha takwas bai bar komai a bayansa ba in ban da ɗakin da yake kwana, amma wanda ya haura talatin ko arba'in yana da aiki da iyali da abokan hulɗa da ya yi shekaru yana tarawa, kuma duk waɗannan suna cikin abin da zai ɗora a kan sikeli. Babban abin da ke rikita mutane a wannan gaɓa shi ne suna ɗaukar al'amarin a matsayin tambaya ɗaya, alhali tambayoyi biyu ne: shin ina bukatar wannan karatu, sannan shin karatun yana bukatar in bar garin da nake? Ka amsa ta farko har ka gama kafin ka taɓa ta biyu, domin idan aka cakuɗa su, sha'awar sabon gari takan sa karatun ya yi kama da dole, ko kuma tsoron ƙaura ya sa mutum ya watsar da karatun da zai amfane shi.

Mataki na farko shi ne ka rubuta, a jimla ɗaya, ƙofar da kake so takardar shaidar ta buɗe maka. Idan jimlar ta fito kamar "ina so in zama ma'aikacin jinya mai lasisi" ko "ina so in cancanci koyarwa a jami'a", to kana kan turba, saboda ayyuka irin su likitanci da jinya da haɗa magunguna da aikin lauya doka ce ta tsare ƙofarsu, ba a shiga sai da takarda. Idan kuwa abin da ya fito shi ne "na gaji da wurin aikina" ko "ina jin an wuce ni", to ka dakata, domin gajiya da wurin aiki tana da magunguna masu araha fiye da digiri. Hanya mafi sauƙi ta gwada jimlar taka ita ce ka tara tallace-tallacen aikin da kake hari, kamar guda ashirin, ka ƙirga nawa ne suka gindaya digirin a matsayin sharaɗi, nawa ne suka ce an fi so kawai, nawa ne kuma ba su ambace shi ba. Bayan haka ka nemi mutum uku da ke yin aikin yanzu, ka tambaye su ta wace hanya suka shiga, da abin da za su yi dabam da a ce yau za su fara. Amsarsu ta fi duk wata ƙasidar talla ta jami'a daraja, tunda su ba su da abin sayar maka.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Mafi yawan mutane kuɗin makaranta kaɗai suke ƙirgawa, alhali ga baligi mai aiki, abin da ya fi tsada shi ne albashin da zai rasa a tsawon karatun. Masana tattalin arziki irin su Theodore Schultz da Gary Becker sun kafa wannan tunani tun farkon shekarun 1960, inda suka ɗauki karatu a matsayin jari wanda kuɗin shigar da aka sadaukar yake cikin farashinsa. Bari mu buga misali ba tare da ambaton wani kuɗi ba. A ce karatun shekara biyu ne, za ka ajiye aiki gaba ɗaya, kuma kuɗin makaranta da na ƙaura da bambancin tsadar rayuwa sun kai kwatankwacin albashinka na shekara ɗaya. Jimillar abin da ka zuba ke nan albashin shekara uku. Idan bayan ka kammala albashinka ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, sai ka yi shekara 15 kana aiki kafin ka mayar da uwar kuɗinka, idan kuwa ya ƙaru da rabi, shekara 6 ta isa. Mai shekara 30 zai iya jiran shekara 15 ya kuma ci riba a bayansu, amma mai shekara 48 da zai kammala yana 50, lissafin farko zai kai shi bakin ritaya bai ga ribar komai ba. Wannan kuma kafin a saka kuɗin ruwa idan rance za a ci, da gudummawar fansho da za ta tsaya, da watannin neman aiki bayan kammalawa, waɗanda kusan kowa yake mantawa da su kamar dai ranar bikin yaye ɗalibai ake raba takardun ɗaukar aiki.

Ba ina cewa kuɗi ne kaɗai ma'auni ba. Akwai wanda zai koma karatu don ya fita daga aikin da ke cin lafiyarsa, akwai kuma wanda ya bar digiri a rabi shekaru da suka wuce, abin yana ci masa tuwo a ƙwarya har yau. Waɗannan dalilai ne na gaskiya, kuma mutum yana da ikon ya saye su da kuɗinsa. Abin da nake nufi shi ne ya san nawa zai biya, kada ya kira abin jari alhali biyan bukatar zuciya ne.

Lokaci ma yana da nasa lissafin. A tsarin ECTS da jami'o'in Turai suke amfani da shi wajen auna nauyin karatu da maki, shekarar karatu ɗaya maki 60 ce, kowane maki kuma yana ɗaukar aikin awa 25 zuwa 30, wato awa 1,500 zuwa 1,800 a shekara. Idan ka raba wannan a kan makonni arba'in, za ka ga kusan awa 40 ne a mako, daidai da cikakken aikin ofis. Wanda yake tunanin zai riƙe cikakken aiki da cikakken karatu tare, ga kuma yara, ya tuna cewa taura biyu ba ta taunuwa. Kafin ka nemi gurbi, ka ɗauki darasi ɗaya tak a fannin, na yamma ko ta intanet, mai jarrabawa da wa'adin miƙa aiki, ka ga yadda za ka kasance a mako na takwas lokacin da ɗokin farko ya gushe. Na fi amincewa da sakamakon wannan gwaji a kan duk wani alkawari da mutum zai yi wa kansa da dare.

Idan karatun ya tsallake waɗannan matakai, sai a zo tambaya ta biyu. Karatu daga nesa ba sabon abu ba ne, kuma ba na jeka-na-yi-ka ba ne: Jami'ar Afirka ta Kudu, UNISA, ta fara koyarwa ta hanyar wasiƙa a 1946, an kafa Open University ta Birtaniya a 1969 ta kuma karɓi ɗalibanta na farko a 1971, Indiya ta kafa tata, IGNOU, a 1985, yanzu kuwa jami'o'i da yawa na gargajiya suna ba da digiri ta intanet ko a ƙarshen mako. Saboda haka ƙaura ce take da nauyin kare kanta. Tana da hujja idan fannin yana bukatar ɗakin gwaje-gwaje ko asibiti ko wani malami takamaimai da za ka yi bincike a ƙarƙashinsa, ko an ba ka tallafin da ya ɗauke kuɗin makaranta da na zama, ko kuma garin da makarantar take shi ne inda ayyukan fannin suke, ta yadda ko ba karatu can za ka nufa. Wannan na ƙarshe ya fi sauran ƙarfi a wurina, saboda abokan karatu da wuraren horon aiki da malaman da za su tsaya maka duk a garin makarantar suke, kuma wanda ya yi karatu a wani gari ya koma wani yakan bar rabin amfanin a baya.

Dokokin wurin da za ka koma suna iya juya lissafin baki ɗaya, don haka ka karanta su da kanka daga shafin hukuma, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta ko da dillalan neman gurbi. A jami'o'in gwamnati na Amurka, mazaunin jiha yana biyan kuɗi ƙasa da na baƙo, yawancin jihohi kuma suna neman zaman wata goma sha biyu kafin su ɗauke ka mazauni, da yawa ma ba sa ƙirga zaman da aka yi don karatu kawai. A Ingila ana neman zaman shekara uku, tare da wasu sharuɗɗan izinin zama, kafin a biya kuɗin 'yan gida. Ɗalibi mai bizar F-1 a Amurka awa 20 a mako aka yarje masa ya yi aiki a lokacin zango, a cikin harabar makaranta, matarsa ko mijinta mai bizar F-2 kuwa ba shi da izinin aiki sam. Birtaniya ma, tun daga Janairun 2024, ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu na aji zuwa da iyalansu, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, shi ya sa ranar da aka sabunta shafin take da muhimmanci kamar abin da ke cikinsa. Haka nan ka tabbatar cewa hukumar da ke ba da lasisin aikin, a ƙasar da kake nufin yin aiki, ta amince da wannan kwas ɗin na wannan makarantar, kuma ka nemi amsar a rubuce. Idan kana da darussan da ka ci a baya, ka aika da sakamakonsu a tantance nawa za a karɓa kafin ka biya kafin alƙalami, domin bayan ka biya ba ka da sauran abin ciniki.

Sai maganar mutanen gida, wadda ba a yin ta a tsaye. Masanin tattalin arziki Jacob Mincer ya nuna a 1978 cewa iyali kan yi ƙaura idan jimillar ribarsu ta ƙaru, ko da kuwa ɗaya daga cikin ma'auratan asara ya yi, ya bi ne kawai don kada gida ya rabu. Ka zauna da abokin zamanka ku fito da wannan asarar fili: aikin da zai bari, ko sana'ar da kwastomominta ba za su bi shi ba, da wanda zai riƙa ɗauko yara a garin da ba ku san kowa ba. Taimakon da dangi da maƙwabta suke yi kyauta, a sabon gari da kuɗi za a saye shi, kuma wannan ma sai ya shiga takardar lissafi. Idan akwai iyaye tsofaffi da kai ne mai kai su asibiti, ka faɗi sunan wanda zai karɓe ka, shi ma ka ji ta bakinsa. Akwai wata dabara da masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya yaɗa wadda take da amfani a wannan zama: ku ɗauka cewa shekara biyu ta wuce, shirin ya rushe, kowa ya rubuta a ɓoye dalilin da yake ganin ya rusa shi, sannan ku karanta wa juna. Abin da mutum yake jin nauyin faɗa a matsayin adawa yakan fito da sauƙi idan aka ba shi rigar labari.

Idan bayan duk wannan amsar ita ce a tafi, to jerin matakan yana da muhimmanci, kada a saki reshe a kama ganye. Ka fara zuwa garin ka kwana biyu ko uku a ranakun aiki idan da hali, ka bi hanyar da za ka riƙa bi daga unguwar da kuɗinka zai iya kamawa zuwa makaranta, ka zauna da ɗalibai manya irinka ka tambaye su nawa ne a cikin ajinsu suka kai ƙarshe. Ka lura da wa'adin jarrabawoyin shiga, tunda sakamakon IELTS da TOEFL, masu gwada ƙwarewa a Turanci, shekara biyu yake aiki, na GRE, ta neman shiga karatun gaba da digiri na farko, kuma biyar. Ka tambayi wurin aikinka ko suna ba da hutun karatu, ko da ba albashi, ka tambayi makarantar ko tana yarda a ɗage shiga zuwa shekara mai zuwa da kuma ranar ƙarshe da ake mayar da kuɗi ga wanda ya janye. Ka ware abin da zai riƙe gidan na tsawon wata shida wanda ba ya cikin kuɗin makaranta, ka kuma rubuta tun yanzu sharaɗin da idan ya faru za ka tsaya ka sake duba shirin, misali idan ajiyar ta sauka ƙasa da ta wata uku, saboda wanda ya riga ya kashe kuɗi yakan ci gaba da zubawa don kawai kada a ce ya yi asara. Gidan da kake ciki, in naka ne, ka ba da shi haya a shekarar farko maimakon ka sayar. Takardar ajiye aiki kuwa ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma ba za ta bar hannunka ba sai takardar gurbi, da ta tallafi ko rance, da biza idan ana bukata, da yarjejeniyar hayar sabon gida duk sun shigo hannu da sa hannun masu su.