Digiri 40 ƙasa da sifili: yadda ake fita a dawo da kunne da yatsu

Hunturuna na farko a Yellowknife, can arewacin Kanada, kunnena na dama ne ya fara ɗanɗana kuɗarsa. A watan Disamba rana takan faɗi a garin da misalin ƙarfe 3 na yamma, don haka la'asar ba ta jiran kowa. Na yi alwala a gurguje, na yi salla, na ɗora hula a karkace, na fita da gudu kada bas ta wuce ni. Minti 15 na yi a tsaye a tasha. Da farko kunnen ya ɗauki zafi kamar an ɗana masa garwashi, can kuma ya yi shiru, har na ce a raina alhamdu lillahi, na fara sabawa. Wata mata ce a cikin bas ta nuna kunnen da yatsa, ta ce in rufe shi da tafin hannu yanzu-yanzu. Ina taɓawa na ji shi tauri kamar busasshiyar ganda. Mako biyu ya yi yana ɗayewa. A gida cewa muke in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To a nan, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama ƙanƙara, nemi tawul ka tsane naka.

A Kano, in ma'aunin zafi ya sauko 12 da asuba, sai ka ga an kewaye wuta a bakin layi ana cewa bana jaura ta yi jaura. A Yellowknife, 26 ƙasa da sifili ita ce rana irin ta kullum a watan Janairu, kuma 40 ba baƙuwa ba ce. Kafin ka fita, duba hasashen yanayi. Lamba biyu za ka gani: ta sanyin kansa, da ta yadda jiki zai ji shi in an haɗa da iska. Ta biyun ita ce taka. In ta faɗa tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. In ta kai 40 zuwa 47, minti 5 zuwa 10 sun isa.

Yanzu maganar tufafi, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Mukan ɗauka kauri shi ne ɗumi, sai mutum ya jibga singileti biyu na auduga, ya ɗora shadda, ya ɗora suwaita, ya ɗora wata ƙatuwar riga. Yana tafiyar minti 10 sai zufa ta karyo, auduga ta shanye ta ta riƙe, yana tsayawa kuma jiƙaƙƙen kayan ya koma zuƙe ɗumin jikinsa. Zufa ita ce babbar abokiyar gabarka a wannan ƙasa, ta fi iska sharri, domin kai ka kawo ta da kanka. Abin da zai taɓa fatarka ya zama ulu ne ko yadin roba mai fitar da gumi. A kansa ka sa suwaita mai laushi wadda ke riƙe iska a cikinta. A waje sai babbar rigar da iska ba ta ratsa ta, mai hula haɗe, wadda ta sauko har cinya. Amfanin yin hawa-hawa shi ne ka iya ragewa. In za ka kwashe dusar ƙanƙara da shebur ko za ka yi tafiyar ƙafa mai nisa, zuge zif tun kafin ka ji ɗumi, ka fara aikin kana ɗan jin sanyi-sanyi. Wani dattijo ɗan ƙabilar Dene, 'yan asalin yankin, da muka yi aiki tare, ban taɓa ganinsa yana sauri a waje ba. Na ɗauka tsufa ne, ashe gudun gumi yake.

Wando ma hawa biyu ne, na ciki mai kama jiki da na waje mai tare iska. Jins kaɗai wahala ce, cinyarka za ta yi kamar an zane ka da dorina. Takalmi ka saya wanda ya ɗan fi ƙafarka, yadda za ka iya motsa yatsu ko da ka sa safar ulu mai kauri. Wanda ya matse yana hana jini gudu, ƙafar da jini bai kai mata ba kuwa ita ke fara daskarewa. Safar hannu iri biyu nake sawa: siririya mai yatsu a ciki, sai babba marar yatsu a waje, wadda ke haɗa yatsu huɗu wuri guda suna ɗumama juna. In zan buɗe ƙofa ko in amsa waya, babbar nake cirewa, siririyar tana nan. Kada ka kama ƙarfe da hannu tsirara, musamman in da danshi. Fetur kuma ba ya daskarewa a irin wannan sanyi, in ya zubo maka a hannu wurin shan mai nan take yake ƙona fata da sanyi.

Alwala ka yi ta da wuri a cikin ɗaki, ka tsane gemu da kunne da tsakanin yatsu, ka ba jiki 'yan mintuna kafin ka fita. Iskar nan busasshiya ce fiye da ta hunturunmu, ga haɓo ga faso ga tsagewar leɓe. Man kaɗanya da na taho da shi ya yi mini rana. Ruwa kuma ka riƙa sha ko ba ka jin ƙishi, kada ka ci dusar ƙanƙara a madadinsa.

Littattafan agajin gaggawa sukan ce fatar da sanyi ya fara ci tana yin ja sannan ta yi fari. A baƙar fata irin tamu ba lalle ka ga jan ba. Toka-toka za ka gani, wurin ya yi tauri, ya daina jin taɓi. Ciwo alheri ne a nan, ɗaukewarsa ita ce abin tsoro. In kuna tafe ku biyu, ku riƙa duba hancin juna da kumatu. In abin bai yi nisa ba, tafin hannu mai ɗumi ko hammata sun isa. Kada ka murza, kada ka goga masa dusar ƙanƙara, kada ka kara shi a wuta ko jikin hita, domin naman da ba ya ji zai ƙone ba ka sani ba. In ya yi nisa, ruwa mai ɗumi ake tsoma shi, digiri 37 zuwa 39, wato wanda gwiwar hannunka za ta jure ba tare da ka janye ba, har wurin ya yi laushi. Da zafi ƙwarai, babba ma sai ya yi hawaye. Amma in akwai yiwuwar wurin ya sake daskarewa kafin a kai asibiti, gara a bar shi yadda yake, don narkewa a sake daskarewa ya fi lalata nama. Ƙurajen ruwan da za su fito, kada a fasa.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari, wato sanyi ya shiga cikin jiki har zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 35. Mutum zai fara karkarwa, harshensa ya yi nauyi, ya riƙa tuntuɓe, ya kasa zuge zif. In karkarwar ta tsaya alhali bai shiga ɗumi ba, abin ya ɓaci. Wasu a wannan hali har tuɓe kaya suke yi suna cewa zafi suke ji. A shigar da shi ɗaki a hankali ba tare da jijjiga ba, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da ciki da kai tukuna, a ba shi shayi mai sukari in yana cikin hayyacinsa, a kira motar asibiti.

Sai mota. Za ka ga kowace tana da 'yar waya da ke leƙowa ta gaba. Ta na'urar ɗumama inji ce, ana jona ta da lantarki awa 3 ko 4 kafin a tayar, in ba haka ba baƙin mai ya yi kauri kamar zuma, batir ya gaza. Kada tankinka ya sauka ƙasa da rabi. A kan babbar hanyar da ke zuwa Yellowknife, daga garin Fort Providence zuwa Behchokǫ̀ kilomita 200 ne da ɗoriya babu gidan mai, ga wuraren da waya ba ta samun sabis, ga ɓaunayen daji da ke tsayawa a tsakiyar titi cikin duhu. Kafin ka tashi, gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ka isa. A kujerar baya, ba a but ba, nake ajiye bargo biyu, safa da hula na canji, tocila, ashana, kyandir da gwangwanin da zan kafa shi, dabino da gyaɗa, da filas na shayi. But yakan ƙi buɗuwa ranar da kake nemansa. Waya kuma a aljihun ciki take zama, kusa da ƙirji, don sanyi na shanye caji cikin 'yan mintuna.

In mota ta mutu ko ta faɗa cikin dusar ƙanƙara, zauna a cikinta. Hasken da kake hange kamar kusa, ba kusa ba ne, kuma masu nema mota suke fara gani kafin mutum. In inji na tashi, kunna shi kamar minti 10 a kowace awa, ka ɗan sassauta gilashi, kuma kowane karo ka fita ka tabbatar dusar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba. Gubar da ke kashe mutanenmu in sun kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, ita ce dai ke taruwa a motar da salansarta ta toshe. Ba ta da wari, barci kawai za ka ji yana fizgarka.

Hanyar ƙanƙara da ake shatawa a kan tafkin Great Slave daga Yellowknife zuwa ƙauyen Dettah, kusan kilomita 6, ana bin ta da mota lafiya lau in hukuma ta buɗe. Bi iyakar gudu da nauyin da aka rubuta a allo, kada ka sauka daga inda aka share. Da ƙafa ma, ƙanƙarar da ba ta kai kaurin santimita 15 ba ba ta hawa ba ce, kusa da bakin kogi kuwa inda ruwa ke gudu a ƙasa, ko kallonta ba na yi.

Buta kuma kada ka bar ta da ruwa a mota. Tawa da na taho da ita tun daga kasuwar Kurmi, kwana ɗaya na manta ta a ƙarƙashin kujera, da safe na tarar ta tsage gida biyu, ga dunƙulen ƙanƙara mai siffar buta har da ɗan bakinta.