Idan An Tsare Naka a Gidan Yarin Gunduma a Amurka

Tun da ƙanena ya yi zaman jiran shari'a a gidan yarin gundumarmu, duk wanda aka kama wa ɗa ko miji a cikin jama'armu wurina ake turo shi. Tambayoyin iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ga gara in rubuta. Ni ba lauya ba ne, tuƙi nake yi. Kuma kowace gunduma da nata tsarin, don haka abin da na faɗa a gwada shi da dokokin da ke shafin gidan da aka ajiye mutuminka.

Fara da nemo shi. Irin wannan gidan yawanci yana hannun ofishin Sherif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, kuma nan ake ajiye masu jiran shari'a da waɗanda hukuncinsu bai wuce shekara ɗaya ba. Galibinsu suna da shafin intanet da ake neman mutum da suna. Sai dai sunayenmu na ba su wahala: Muhammadu ya koma Mohamed, sunan uba ya dawo gaba. Gwada kowane rubutu, ka haɗa da ranar haihuwa. Idan ka same shi, kwafe lambar da suka ba shi ka ajiye a waya da kuma a takarda, domin kuɗi, wasiƙa, ziyara, babu wanda zai tafi sai da ita. Yi rajista da VINE, tsarin sanarwa kan waɗanda ke tsare, kyauta ne, za su sanar da kai idan an sauya masa gida ko an sallame shi.

Sai waya, inda aka fi yin ɓarna. Kai ba ka iya kiransa, shi ne zai kira. Za ka buɗe asusu da kamfanin da gidan ya yi kwangila da shi, irin su Securus ko ViaPath, ka zuba kuɗi a kan lambarka. Birnin New York ya mayar da kiran kyauta tun 2019, amma a yawancin wurare biya ake yi, kuma kiran kan yanke bayan minti 15 ko 20. Cire wa wayarka abin da ke toshe baƙin lambobi, in ba haka ba zai yi ta bin layi yana kira, kai kana can kana cewa shiru ba ka ji shi ba.

Kafin a haɗa ku, murya za ta ce ana naɗar kiran. Da gaske take yi. Mutanenmu sukan ɗauka idan an juya harshe zuwa Hausa an tsira. Mai gabatar da ƙara yana iya karɓar faifan ya ba tafinta, kuma akwai masu fassara Hausa a Amurka. Ziyara ta bidiyo da saƙon da ake turawa ta allon hannu duk haka suke. Ƙanena kan fara da zafi, "Yaya, wallahi abin da ya faru a daren nan…" sai in tare shi: "Bari, ajiye wa lauyanka. Ka ci abinci?" Yakan ji haushi, amma haushin kwana ɗaya ne. Kada kuma ka yarda ya aike ka wurin wanda ya kai ƙara ko wani mai shaida, ko da ban haƙuri ne. A gida wannan shi ne mutunci, a tura dattawa a sasanta. A nan ana iya ɗaukarsa a matsayin tsoratar da shaida, ko karya umarnin kotu na hana tuntuɓa, laifi ya zama biyu, har da kai a ciki.

To me za ku faɗa? Duk wani abu na banza da ka saba rainawa. Wa ya haihu, wa ya sayi mota, yadda Arsenal ta ƙare, abin da ƙaramar 'yarsa ta ce a makaranta. Ku tsayar da lokaci, misali bayan sallar magariba ranar Talata da Asabar, kuma kada ka saɓa. Wanda ke ciki da wannan alƙawarin yake auna mako. Idan ka ji muryarsa ta mutu, ko ya fara zancen ya gaji da duniya, musamman a kwanakin farko, kira gidan nan take ka ce a haɗa ka da sashen lafiya. Haka idan yana shan maganin suga ko na hawan jini: ba za su ba ka bayani a kansa ba sai ya sa hannu a takardar izini, amma za su karɓi bayani daga gare ka.

Maganar Hajiya da ke gida tana da wuya. Kada ka haɗa kiran mutum uku, na'urar tana ganewa ta datse, wani lokaci a toshe lambarka gaba ɗaya. Ni abin da na yi, ta turo mini saƙon murya ta WhatsApp, in rubuta shi kalma da kalma, in karanta masa. Kuma ra'ayina a gaya mata gaskiya da wuri. Uwar da ɗanta ya daina kira ta riga ta san akwai abu, kuma abin da zuciyarta za ta saƙa mata ya fi gaskiyar muni.

Beli kuwa, kada a yi gaggawar tara kuɗi a masallaci kafin a yi tambaya ɗaya: hukumar shige da fice, ICE, ta nemi a riƙe mata shi? Hoton yatsun duk wanda aka kama yana isa wurinsu, kuma suna iya neman gidan ya ƙara riƙe shi har awa 48 bayan lokacin sallama don su zo su ɗauke shi. A wasu gundumomin ka biya beli da safe, da yamma yana wata jihar a hannun ICE. Ko mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, bai tsira ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Padilla, wajibi ne lauya ya gaya wa wanda ba ɗan ƙasa ba idan amsa laifi zai jawo masa kora. Don haka ka tabbata lauyan da kotu ta ba shi kyauta ya san matsayin takardunsa, kuma kada ya amsa komai, ko da an ce "ka amsa ka tafi gida yau," sai an ji ta bakin lauyan shige da fice. Yana da haƙƙin tafinta a kotu, ya nema ko da yana jin Turancin kasuwa.

Idan hanyar beli a buɗe take, kuɗin da ka biya kotu kai tsaye yawanci yana dawowa in ya halarci duk zamansa. Na dillalin beli, wato mai tsaya masa a kotu a biya shi lada, wanda yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin belin ne, ya tafi ke nan. Jihar Ilinoi ma ta soke belin kuɗi a 2023. Wanda kuma ya kira ka ya ce daga ofishin Sherif yake, ka biya ta katin kyauta ko ta manhajar tura kuɗi a saki ɗan'uwanka, ɗan damfara ne. Sunan ya gani a shafin da kai ma ka gani.

Kuɗin sayayya a kantin cikin gidan yarin ana sa shi ta na'urar da ke zauren gidan ko ta intanet. Da shi zai sayi sabulu, safa, rigar sanyi, ambulan da taliya irin ta Indomie, domin abincin dare da wuri ake ba su, kafin sha ɗaya yunwa ta dawo. Sa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Mai asusu cike yana tara abokan da bai nema ba.

Wasiƙa: farar takarda, biro baƙi ko shuɗi, sunansa da lambarsa, da cikakken adireshinka. Ban da turare, ban da laya, ban da rubutun sha, balle kilishi ko yaji. Na ga ambulan da aka dawo da shi saboda ɗigon turaren da matar ta sa don ya ji ƙanshin gida. Gidaje da yawa yanzu hoton wasiƙar kawai suke ba shi, kuma wadda aka rubuta da Hausa tana iya daɗewa wurin tantancewa. Littafi sai mai laushin bango, kuma daga kantin littattafai ko Amazon kai tsaye. Alƙur'ani ma haka, ko ya nema wurin jami'in harkokin addini na gidan.

Wannan jami'in shi ne ƙofar azumi. A sa sunansa a jerin masu azumi makonni kafin Ramadan, a rubuce, ya riƙe kwafi, don a ajiye masa sahur da buɗa-baki. Akwai dokar tarayya ta 2000 da ke kare ibadar wanda ke tsare, kuma a kanta ne a 2015 Kotun Ƙoli ta ba wani Musulmi a Akansas damar barin gemu. Idan an hana shi, ya shigar da koke a rubuce, kai kuma ka tuntuɓi CAIR, ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi a Amurka.

Ziyara sai an yi rajista tukuna, da katin shaida mai hoto. Wanda takardunsa ba su cika ba ya tambayi lauya kafin ya je.

A waje kuma abubuwa ba sa jira. Motar da aka ja tana cin kuɗin ajiya kowace rana, ita za a fara fitarwa. A yi magana da mai gidan haya, a duba matarsa da yara ba tare da an jira sun roƙa ba. Ranar sallama ba ta da sa'a, ana iya buɗe masa ƙofa ƙarfe biyu na dare, wayarsa ba caji, da kayan da aka kama shi da su, ko da an kama shi da rani ya fito cikin ƙanƙara. Sa shi ya haddace lambarka, ka ajiye rigar sanyi a but ɗin mota.