Darasi na 7: Tiyatar ƙwaƙwalwa ido biyu

Idan likita ya ce za a buɗe wa mutum kai yana ido biyu, dole gaban 'yan uwa ya faɗi. Sai dai ku sani, ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi ko da an taɓa ta. Masu jin zafi su ne fatar kai da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwar, kuma su ake kashewa da allura.

To me ya sa ba za a bar shi yana barci ba? Wani lokaci ƙari kan fito dab da wurin da ke sarrafa magana ko motsin hannu da ƙafa. A yawancin mutane wurin magana yana ɓangaren hagu. Hoton ƙwaƙwalwa kaɗai ba ya nuna iyakar wurin sosai, sai mara lafiyar ya yi magana likita ya ji. Likita Wilder Penfield na birnin Montreal a Kanada ya yi suna da wannan hanya tun shekarun 1930, wajen yi wa masu farfaɗiya aiki.

Likitan sa barci ne ke riƙe da mara lafiya daga farko har ƙarshe. Zai yi masa allurar kashe zafi zagaye da kai, da irin su lidocaine ko bupivacaine. Sannan ya sa masa maganin barci ta jijiya, kamar propofol ko dexmedetomidine, lokacin da ake buɗe ƙoƙon kai. Da an isa ƙwaƙwalwa sai a rage maganin, mutum ya farka. Kansa a kafe yake da ƙarfe don kada ya motsa, ga yadi ya tare masa ganin wurin aikin.

Nan aikin mara lafiya ya fara. A nuna masa hoto, a ce, "Malam, mene ne wannan?" Ya ce, "Tulu." A ce ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Shi kuwa likitan tiyata yana taɓa ƙwaƙwalwa da ɗan ƙaramin lantarki. In harshe ya sarƙe, an gane wurin nan na magana ne, ba za a yanka shi ba. In jiki ya fara karkarwa, ana zuba ruwan gishiri mai sanyi a wurin, yawanci ya lafa nan take.

Wanda aka tura wurin likitocin ƙwaƙwalwa, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ne ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ya faɗi harsunan da yake ji, Hausa ce ko Birom ko Fulatanci ko Turanci. Mazaunin kowanne a ƙwaƙwalwa yana iya bambanta, gara a gwada shi da harshen da yake hira da iyalinsa.

Don Allah kada a ɓoye wa likitan barci komai. Tiramol, kodin, giya, maganin gargajiya, aspirin da sauran magungunan tsinka jini, duk a faɗa. Haka yawan tari ko minshari mai yanke numfashi, domin ba kowa ne wannan hanya ta dace da shi ba. Galibi akan daina abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla awa 2, amma umurnin asibiti za a bi.

Aikin yi: rubuta sunayen magungunan da kake sha a takarda ɗaya, ka karanta wa abokin zamanka. Sannan ka amsa: me ya sa ake tambayar mara lafiya sunan hoto ana tsakiyar aiki?